Naushin Kusa: Daga Ina 'Yan Damben Rasha Ke Samo Ƙarfi Idan Babu Filin Ɗaga Hannu?

Duk wanda ya saba kallon dambe ya san naushin da ke tayar da 'yan kallo tsaye: wanda aka ɗauko daga nesa, aka ja hannu baya, aka karkace, aka sako shi kowa na ganin tahowarsa. Akwai kuma wani naushin da ido bai cika kamawa ba. Mutum biyu sun haɗe, goshi na gogar goshi, tsakanin dunƙulen wannan da haƙarƙarin wancan bai wuce taƙi guda ba, sai kawai a ga ɗaya ya durƙusa yana neman iska. Sai an maimaita hoton a hankali kafin a gane abin da ya same shi.

A zamanin nan ba a yi wanda ya yi suna da irin wannan naushi kamar Artur Beterbiev ba, ɗan ƙabilar Chechen da aka haifa a Khasavyurt ta yankin Dagistan a Rasha a 1985. Wasanninsa 20 na farko a damben kuɗi babu ko ɗaya da ya kai ga ƙirga maki, duk kafin ƙarshe yake gamawa da abokin karawa. A watan Oktoba na 2019, a birnin Philadelphia, ya kara da Oleksandr Gvozdyk na Yukren, gwanin da ya fi shi tsawo, ya kuma fi shi iya zagaya fili. Har zuwa turmi na tara, alƙalai biyu cikin uku Gvozdyk suke bai wa rinjaye. Shi kuwa Beterbiev matsowa kawai yake yi, yana cusa gajerun naushi a ciki da haƙarƙari da gefen kai, irin waɗanda a talabijin sai ka ɗauka turawa yake yi. A turmi na goma Gvozdyk ya kai ƙasa sau uku, alƙalin wasa ya raba su.

To, hannun da tafiyarsa ba ta wuce taƙi ba, ina ya samo wannan nauyi? Mutanen Rasha sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya. Malaman kimiyyar wasanni na zamanin Tarayyar Sobiyet sun bi ta da na'urorin awo. 'Yan sambo, wata kokawar Rasha, sun warware ta da riƙon riga. Masu koyar da Sistema, wani salon kare kai na Rasha, kuma maganarsu ta fi karkata ga sakin jiki da numfashi. Amsoshin nan ba nauyinsu ɗaya ba a wurina, zan kuma faɗi dalili idan mun zo wurin. Sai dai duk sun yarda da abu guda, cewa idan aka matsu, aikin ya fi ƙarfin damtse.

Abin da kusanci ke ƙwacewa

Ɓarnar da naushi ke yi a kan abu biyu ta rataya. Na farko, saurin dunƙule a daidai lokacin da ya taɓa jiki. Na biyu, yawan nauyin jikin mai naushin da ke tafe a bayan dunƙulen a wannan lokaci. Na biyun nan shi mutane suka fi jahilta. Mutum mai kilo 80 ba da kilo 80 yake dukanka ba. A 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Wayne State da ke Detroit a Amurka sun sa 'yan damben Olamfik bakwai sun naushi fuskar wani mutum-mutumi mai na'urorin awo a ciki. Matsakaicin saurin hannunsu ya kai mita 9 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin saukar naushin ya yi daidai da a aza wa fuska nauyin kilo kusan 350 na ɗan ƙanƙanen lokaci. Amma nauyin jikin da ya shiga cikin naushin, a matsakaici, kilo 2.9 ne kacal, wato bai wuce nauyin hannu guda daga kafaɗa zuwa yatsu ba. Waɗannan fa gwanaye ne, ba 'yan koyo ba. Ke nan duk wanda ya iya ƙara kilo ɗaya tak a kan wannan adadi, ya ƙara wa naushinsa kashi ɗaya cikin uku ko da saurin hannunsa bai motsa ba.

Shi kuwa nisa, sauri yake bayarwa. Hannun da ya taso daga gefen haɓa ya miƙe har ƙarshe yana da fiye da rabin mita na tara gudu. A kusa wannan fili ya ragu zuwa santimita 15 ko 20. Daga nan sai matsalar lokaci ta shigo. Vladimir Zatsiorsky, ɗaya daga cikin manyan malaman kimiyyar motsin jiki da Sobiyet ta yaye, ya yi bayanin cewa tsoka tana buƙatar kashi 3 zuwa 4 cikin 10 na daƙiƙa kafin ta kai ƙarshen ƙarfinta. Gajeren naushi kuwa ya tashi ya sauka tun wannan lokaci bai cika ba. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ɗaga ƙarfe kilo 150 a kwance, amma idan aka shige masa jiki naushinsa ba ya ko tayar da hankalin wanda ya saba. Ƙarfin yana nan a jikinsa, sai dai kafin ya taso an riga an wuce wurin.

A 1985 aka wallafa wani bincike na V. I. Filimonov da abokan aikinsa, wanda har yau masu horar da 'yan dambe ke kafa hujja da shi. Sun auna miƙaƙƙen naushin 'yan damben Sobiyet masu matakai daban-daban, suka raba ƙarfinsa gida uku: turin da ƙafar baya ke yi wa ƙasa, juyawar gangar jiki, da miƙewar hannu. A wurin manyan gwanaye ƙafa ta ba da kusan kashi 38 cikin 100, gangar jiki 37, hannu 24. A wurin ƙananan 'yan dambe kuwa ƙafa ba ta kai kashi 17 ba, hannu shi kaɗai ya ɗauki kusan 38.

Yanzu ka ɗora wannan a kan maganar kusanci. Abin da kusanci ke ƙwacewa miƙewar hannu ce. Bai taɓa ƙasan da ake tsaye a kai ba, bai taɓa ƙugu ba. Ɗan koyon da aka toshe wa fili an raba shi da babban jarinsa. Gwani kuwa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa daga ƙafa da ƙugu suke tasowa, su kuma ba sa neman wuri mai yawa. Diddige ya ɗan juya, ƙugu ya murɗa, shi ke nan. A ganina nan ne gizo ke saƙar, duk abin da zai biyo baya bayani ne a kan yadda wannan ƙarfi ke isa ga dunƙule ba tare da ya zube a hanya ba.

Saki, sannan damƙa

Fiye da shekara 60 kafin binciken Filimonov, wani matashin likita mai suna Nikolai Bernstein ya kama aiki a Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Mosko a 1922. Aikinsa shi ne ya gano yadda ma'aikaci zai yi bugu da guduma ba tare da ɓarnar ƙarfi ba. Yakan liƙa ƙananan ƙwayayen lantarki a gaɓoɓin hannun ma'aikaci da kan gudumar, ya ɗauki hotuna masu yawa a jere, ya bi sawun hasken. Daga wannan aiki da waɗanda suka biyo baya ya fito da fahimtar da har yau ake karantarwa. Ɗan koyo yakan ƙame gaɓoɓinsa saboda sun yi masa yawa ya sarrafa su a lokaci guda. Gwani kuwa sakin su yake yi, ya bar nauyin kayan aiki da lilon hannu su ɗauke masa wani sashe na wahala.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga wannan da idonsa. Yaron maƙeri riƙe masaba yake yi kamar za ta gudu, kafaɗa a ɗage, jijiyoyin wuya a miƙe, kafin a jima ya jiƙe da gumi, ƙarfen kuwa da kyar ya lotsa. Tsohon maƙeri riƙon sako-sako yake yi mata, ta faɗo da nauyinta, sai a daidai lokacin da za ta haɗu da ƙarfe yatsunsa su damƙe.

Dalilin a jiki yake. Gaɓa irin gwiwar hannu rukunin tsokoki biyu ke jan ta, ɗaya mai miƙewa, ɗaya mai lanƙwasawa. Idan mutum ya ɗaure hannunsa gaba ɗaya tun daga farko, to ya taka totur da burki a tare. Amma kuma idan hannun ya isa a sake, zai lanƙwashe a jikin wanda aka nausa, nauyin gangar jiki ba zai ratsa ba. Saboda haka ana buƙatar duka biyun, kowanne a lokacinsa. A 2010 Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada da abokansa sun liƙa na'urori a jikin wasu fitattun 'yan damben keji, wato wasan da ake haɗa dambe da kokawa, suka ga haka ƙarara: tsokokin ciki da baya sukan ɗaure a farkon motsi, su saki yayin da hannu ke tafiya, su sake ɗaurewa a lokacin saduwa. A dogon naushi akwai ɗan sarari tsakanin ɗaurewar farko da ta biyu. A gajere kuwa sararin bai kai ƙiftawar ido ba. Wanda ya fi iya kunna tsoka da kashe ta da sauri shi ke da naushin kusa, ba wanda ya fi girman damtse ba.

Bari mu bi naushi guda daga tushensa. Ɗan dambe mai gabatar da ƙafar hagu ya shige jikin abokin karawa, kansa yana gefen kafaɗar dama ta wancan. Ya ɗan sassauta gwiwoyi, nauyinsa ya zauna a kan ƙafar hagu, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan koma baya. Wannan 'yar saukar ta miƙe tsokokin cinya da na gefen ciki, tsokar da aka miƙe farat ɗaya kuwa tana dawowa da ƙarfi fiye da wadda ta tashi daga zaune. Sai ya tura ƙasa da tafin ƙafar hagu, ƙugu ya juya dama, ƙirji ya bi shi. Gwiwar hannunsa tana nan a lanƙwashe kusa da haƙarƙarinsa, ba ta buɗe ba. Hannun bai yi tafiyar kansa ba, jiki ne ya ɗauke shi. Dunƙulen ya shiga ƙasan haƙarƙarin dama yana ɗan hawa sama, wurin da hanta take. A wannan lokaci wuyan hannu a miƙe yake sak, gwiwar hannu tana bayan dunƙule, ciki a ɗaure, ya fesar da iska ta baki. Idan wuyan hannu ya lanƙwashe gefe, ko kafaɗa ta yi laushi, duk abin da aka taro daga ƙasa a nan zai tsiyaye.

Wanda aka samu a hanta ba nan take yake faɗuwa ba. Sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, alhali hankalinsa na nan garau. Na muƙamuƙi kuwa daban ne. Gajeren naushi daga gefe yana murɗa kai da sauri, wannan murɗawa ita ke girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, mutum ya zube. Ba sai naushin ya yi nauyi ainun ba, musamman idan ba a ga tahowarsa ba, domin wuya bai samu damar ɗaurewa ba. Naushin kusa kuwa daga ƙasan ido yake tasowa.

Hannu ɗaya ya riƙe, ɗaya ya nausa

Sambo ta bi wata hanya. Wannan kokawa ta ginu ne a shekarun 1920 da 1930 a hannun Viktor Spiridonov da Vasili Oshchepkov, wanda ya koyi judo a makarantar Kodokan ta Tokyo, da ɗalibinsa Anatoly Kharlampiev. Gwamnati ta amince da ita a matsayin wasa a 1938, amma Oshchepkov bai ga wannan rana ba, domin an kama shi a 1937 bisa zargin yi wa Japan leƙen asiri, ya mutu a kurkukun Butyrka. A nau'in sambo da ake haɗa kokawa da duka, 'yan wasa suna sanye da riga mai kauri, kuma an yarda ka riƙe ta ka yi naushi.

Riƙon nan yana canza lissafi gaba ɗaya. Jikin da aka nausa, idan a sake yake, yakan ja baya ya rage zafin dukan. Wanda aka damƙe wa wuyan riga ba shi da wurin ja. Idan kuma aka fizgo shi, saurin tahowarsa ya haɗu da saurin dunƙule, sai gajeren naushi ya sauka kamar dogo. Ga shi kuma fizgar da hannun hagu ita kanta tana juya kafaɗar dama gaba, wato motsi ɗaya ne ya yi aiki biyu. Sannan akwai tsoron kayarwa. Wanda hankalinsa ke kan ƙafafunsa, hannuwansa sukan sauka. Haka ta faru a watan Oktoba na 2018 lokacin da Khabib Nurmagomedov, wanda ya taso a sambo, ya gigita Conor McGregor da naushin dama a turmi na biyu na wasansu na damben keji, alhali kowa ya san McGregor ya fi shi iya naushi.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Fedor Emelianenko, ɗan sambo na Rasha. A watan Maris na 2003, a Yokohama ta Japan, ya kara da Antônio Rodrigo Nogueira na Brazil, mutumin da babu abin da yake so irin faɗa ya koma ƙasa, domin a kwance yake murɗe wa mutane hannu ko ya shaƙe su. Fedor ya bi shi ƙasan. Ya durƙusa tsakanin ƙafafunsa, ya shafe mafi yawan wasan yana dukansa daga nan har ya karɓe kambun da ke hannun Nogueira. A durƙushe babu diddigen da za a juya. Abin da yake yi shi ne ya ɗago ƙirji, ya murɗa ƙugu da kafaɗa, ya jefa hannun a sake tare da faɗowar nauyin jikinsa. A tsaye ma haka naushinsa yake: kafaɗa ke fara tafiya, hannu ya biyo baya kamar an wurga shi, dunƙule ya kife babban yatsa na kallon ƙasa. Idan ya samu, ya samu. Idan ya kuskure, hannun ya riga ya rataya a wuyan abokin karawa, kokawa ta fara. Amma fa wannan salo yana da tsada. Dunƙule ba kullum yake sauka a daidai ba, kuma Fedor ya sha fama da raunin hannu a tsawon shekarunsa na wasa.

Sistema: gaskiyarta da inda ta zarce

Idan ka nemi bayanin naushin kusa na Rasha a intanet, abin da zai fara fito maka Sistema ce. Sunan Mikhail Ryabko, wanda ya rasu a 2023, da ɗalibinsa Vladimir Vasiliev, wanda ya buɗe makaranta a Toronto a 1993, su suka yaɗa ta a duniya. Akwai kuma reshen Aleksey Kadochnikov, wanda ya koyar a wata makarantar soja a Krasnodar, shi kuma da harshen injiniyoyi yake bayanin jiki, inda nauyi ya dogara da inda za a taɓa ya karkata.

Yadda suke koyar da naushi ya bambanta da na ɗakin dambe. Babu wata tsayuwa ta musamman, kuma ba a jan hannu baya. Ɗalibi yakan ɗora dunƙulensa a cikin abokin atisaye ko ƙirjinsa, ya sauke kafaɗa, ya fara turawa a hankali yana sauraron jikinsa. Idan ya ji ƙarfin ya maƙale a kafaɗa ko a gwiwar hannu, sai ya saki wurin ya sake gwadawa, har sai turin ya ratsa kai tsaye. Daga nan turi ya koma ɗan bugu, bugu ya koma naushi. Suna yawan dogara da dunƙule a ƙasa suna sauka suna tashi a hankali ƙwarai, domin wuyan hannu ya koyi tsayuwa. Shi kuma mai karɓar duka ana koya masa ya shaƙi iska ta hanci, ya fesar ta baki a lokacin da naushin ya sauka, kada ya riƙe numfashi. Abin da suke nema suna kiransa hannu mai nauyi.

Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma ba na son a raina ta. Sauke kafaɗa da sakin damtse shi ne abin da Bernstein ya gani. Rashin jan hannu baya yana ɓoye niyya, a kusa kuwa ɓoye niyya rabin nasara ne. Horar da wuyan hannu ta hanyar turi a hankali dabara ce mai kyau ga wanda zai yi naushi ba safar hannu. Koyon numfashi a ƙarƙashin duka kuma yana rage firgici, wanda shi ke fara ƙame mutum.

Inda na rabu da su shi ne inda wasu malamanta ke nuna cewa nauyin hannu shi kaɗai ya isa, ba sai an nemi ƙasa da ƙugu ba. Hannu guda kusan kashi 5 cikin 100 ne na nauyin jiki, wato kilo 4 ga mai kilo 80. Kilo 4 a kan ƙasusuwan yatsu biyu, ba safa, a tsakiyar cikin mutumin da ya tsaya cak ya ba da jikinsa, tabbas zai durƙusar da shi. Zafin da ake gani a bidiyoyin nan na gaske ne. Amma sanadinsa ƙanƙantar wurin da dukan ya taru ne, da laushin inda aka zaɓa, da kuma cewa mai karɓa bai kare ba, bai goce ba, bai rama ba. Sistema ba ta da gasa. Ba a ganin ɗalibanta suna gwada wannan naushi a kan wanda ya zo da niyyar kayar da su, kamar yadda ɗan dambe da ɗan sambo ke yi kowane mako. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Su kuwa bidiyoyin da malami ke kaɗa hannu a iska ɗalibai na zubewa ba tare da an taɓa su ba, wannan biyayyar ɗalibi ce ga malaminsa, kuma yana ɓata sunan abin kirkin da ke cikin tsarin. Abin da ke damuna shi ne matashin da zai gaskata, ya shiga rigimar da ya kamata ya guje wa.

Haka ma batun tarihi. Rasha tana da tsohuwar al'adar dambe ta gaske. A lokacin bikin Maslenitsa na ƙarshen hunturu, mazan unguwa biyu kan yi sahu kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa a kan kogin da ya daskare, su yi ta turawa da naushi har sahu ɗaya ya karye. Suna da ƙa'idar cewa ba a dukan wanda ya faɗi, kuma ba a ɓoye ƙarfe a cikin safar hannu. Sarauniya Catherine ta Ɗaya ta fitar da dokar tsara shi a 1726, aka haramta shi a 1832 zamanin Nicholas na Ɗaya. Wannan duk a rubuce yake. Amma makarantun Sistema na yau a ƙarshen zamanin Sobiyet da bayansa suka bayyana, kuma ingancin naushinsu a jikin abokin karawa za a auna shi, ba a tsufan labari ba. Ilimin ma ba na Rasha kaɗai ba ne. Jack Dempsey, tsohon zakaran dambe na Amurka, ya koyar da sako nauyin jiki cikin naushi ta hanyar taku mai kama da faɗuwa, Bruce Lee kuma ya nuna naushin inci ɗaya a Long Beach a 1964. Abin da Sobiyet ta ƙara shi ne awo, da kuma makarantun da suka kai sakamakon awon ga masu horarwa.

Yadda ake gina shi

Tunda matsalar ta lokaci ce, horon ma na saurin tayar da ƙarfi ne. Yuri Verkhoshansky, malamin kimiyyar wasanni na Sobiyet, ya shahara da dabarar sa ɗan wasa ya diro daga kan akwati ya yi tsalle nan take, domin tsoka ta koyi karɓar nauyi da mayar da shi ba jinkiri. 'Yan dambe suna yin irin wannan da jefa ƙwallo mai nauyi a bango, da dukan tayar mota da babbar guduma. Akwai kuma dunƙulen ƙarfe mai mariƙi da Rashawa ke kira girya, mai kilo 16 ko 24 ko 32, wanda lilo da shi ke koya wa ƙugu harbawa, ya koya wa hannu saki da damƙa. Bidiyoyin atisayen Beterbiev sun nuna yadda yake bai wa wuyan hannu muhimmanci: yana dogara da dunƙule a ƙasa yana juyawa zuwa bayan hannu, yana kuma jujjuya sandar ɗaga ƙarfe da hannu ɗaya. Wannan aikin shekaru ne, wanda ya kwaikwaya a rana ɗaya zai ji wa kansa ciwo.

A gaban buhun naushi kuwa gwajin mai sauƙi ne. Ka matso har goshinka ya kusa taɓa buhun, ka ɗora dunƙule a jikinsa, ka janye shi faɗin tafin hannu kawai, ka nausa ba tare da gwiwar hannu ta wuce bayan haƙarƙarinka ba. Idan buhun ya yi lilo ya tafi, tura shi ka yi. Idan ya lotsa a wurin ya girgiza, naushi ne.

Duk wannan sai an iso kusa yake aiki, isowar kuwa wani ilimi ne daban. Dmitry Bivol, wanda shi ma tarbiyyar damben Rasha ce, ya nuna haka. Beterbiev ya yi nasara a kansa da maki a Riyad a watan Oktoba na 2024, karo na farko da wani ya kai shi ƙarshen wasa. A watan Fabrairun 2025 Bivol ya rama, shi ma da maki, ta hanyar shiga da fita da ƙafa, yana ƙin tsayawa a inda gajeren naushi ke cin kasuwa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa shi ya fi saurin karyewa idan dunƙule ya sauka a karkace, don haka a nannaɗe hannu kafin a taɓa buhu mai tauri, a kuma saba sauka a kan ƙasusuwan manuni da na tsakiya. Gwajin naushi a jikin aboki ya tsaya a tsokar ciki da kafaɗa, da ƙarfi kaɗan, ban da kai, ban da maƙogwaro, ban da saitin zuciya, domin bugu a ƙirji a wani takamaiman lokaci na bugun zuciya yana iya tsayar da ita ko da bai yi nauyi ba. A watan Yulin 2019 ɗan damben Rasha Maxim Dadashev, mai shekara 28, ya yi wasa a jihar Maryland ta Amurka. Kocinsa Buddy McGirt ya tsayar da wasan bayan turmi na 11, Dadashev ya kasa fita daga wurin da ƙafarsa, aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, ya rasu bayan kwana huɗu. Duk wanda ya sha duka a kai, daga baya ya fara amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko tangaɗi, ko magana ta sarƙe masa, ko barci ya rinjaye shi ba lokacinsa ba, a kai shi asibiti a wannan sa'a, kada a ce a bari ya kwana a gani.